Wayar da Mama ta cire

Monrovia, 9 ga Agusta, 2008

Yaya Joyce,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ƙafarta? Ni lafiya lau nake, zazzaɓin ya yi sauƙi, kada ki faɗa mata.

Kwamfutar ɗakina na gida a Zuru, wadda muryar matata marigayiya Rebecca take ciki, ta daina amsa mini. Da, daga barikinmu na soja a nan nake tada ta ta intanet, in saurari waƙoƙin da Rebecca ta rera a coci. Joel mai shagon intanet ya ce Mama ta cire wayar da ta taho daga shagonsa, wai tana jawo tsawa, shi kuma ya haɗa mini intanet ɗin ta iska, ba waya. Yaya, in kwamfutar ta yi barci ba ta jin kira ta iska, sai ta waya.

Mama ba za ta yarda a mayar ba sai damina ta wuce. In kin shigo Zuru daga Mahuta, ki danna wa kwamfutar maɓalli ko sau ɗaya, ta farka.

An ƙara mana wata shida a nan. Jiya na so in tuna yadda Rebecca take fara waƙar da na fi so, na kasa.

Ƙaninki,
Philemon