A Ajiye Ko A Mayar

Zuwa ga ɗana Genshichi, a birnin Edo,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya aikin dako? Mu lafiya lau, sai dai tsoro. Maƙwabcinmu Rihei ke rubuta min, na ce ya sa maganar yadda ta fito daga bakina.

Matarka Osayo ta kusa sauka. Babanka kuwa ya kafe, wai gonar shinkafar da ke ci da yaranku uku ba za ta ci da huɗu ba, wai ƙauyen gangare da suka cika haihuwa yanzu saiwa suke dafawa. Ka dai san tambayar ungozoma kafin jariri ya yi kuka: a ajiye, ko a toshe masa numfashi a mayar wa alloli?

Amma ji abin daɗi. Tsutsotsin silikin da muka zuba a saman ɗaki sun yi kyau! Ci suke ba tsayawa, hannuwanmu sun kasa. Babanka mai cewa wasan mata ne, shi ke jidar musu ganye. Na ce, "Tsoho, ka zama baran tsutsa?" Ya ce in rufe masa baki.

Ka ci abinci sosai.
Uwarka, Okume

Ɗana Genshichi,

Ina gaishe ka, da fatan tarin nan ya sake ka. Yau mai sayen zaren siliki na tare a ƙofa ya rubuta min, shi ya kwashe namu kaf. Mun ci kifi, Osayo har da sabon mayafi.

Ta sauka shekaranjiya da hantsi. Mace. Ungozoma ta rufe wa jaririyar baki da tafin hannu, ta leƙo ta yi tambayar. Babanka na tsaye da kwandon ganye a baya. Ni na riƙe ginshiƙi.

Ya ce, "A gonata ba ta da wuri."

Osayo ta juya fuska bango. Shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon saman ɗaki, ya daɗe.

"Can sama wajen tsutsotsi dai ana neman hannu. Cire mata hannunki, ke, kar ki ɓata min ma'aikaciya."

Yarinya ta tsala kuka, ni ma na taya ta, har yanzu ban gama ba. Ka aiko da suna maza, tsohon na nema ya riga ka.

Kakanni su tsare min kai.
Uwarka, Okume