Ƙwaryar Mma a Tambarin Bishop

Zuwa ga Mai Girma Bishop, wanda mu a unguwar Nima muka sani da Ɗanlami,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da garken da aka ba ka kiwo can arewa. Ban san yadda ake gaida bishop ba, shi ya sa na aro wadda muke yi wa limaminmu, na rage mata tsawo.

Tambarinka ya iso gida, ko da yake mai shi bai iso ba. Wani katikis, malamin coci a unguwar Kokomlemle, da muke musayar littattafai ya kawo mini shi a jikin kalanda, ya zauna ya yi mini tafsiri. Koriyar hula mai tuntaye, in ji shi, alamar muƙaminka ce. Gicciyen da ke bayan garkuwa ba sai an faɗa ba. Shuɗin layin da ya ratsa tsakiya kuwa ruwan rai ne. Ban musa ba, amma ruwan da ni da kai muka taso a bakinsa shi ne babban gotan ƙazantar Nima, kuma ba a taɓa zarginsa da rayar da kowa ba.

Da ya zo kan ƙwarya da ludayin da ke ƙasa, sai ya ce karamcin mutanen arewa ke nan. Karamcin mutanen arewa ba shi da ɗinki a baki. Ƙwaryar kokon uwata Mma ce, wadda ka fasa muna faɗa kan ƙosai, ta ɗinke ta, ta doke ni a madadinka don kai maraya ne. Har ɗinkin ka sa an zana. Ashe ba mantawa ka yi ba. Da mantuwa ce, da abin ya fi zo mini da sauƙi.

Mahaifiyarka mai dakon doya a kasuwar Agbogbloshie ta rasu ta bar ka jariri a ɗakin haya na gidanmu, uwata ta raba mana nono. Da babanka ya ce Kirista za ka tashi, ita ke tayar da kai ranar Lahadi, ta goge maka takalmi, tana cewa, "Wanda ya makara wurin Allahnsa, kada ya yi sammakon waakye na, shinkafa da waken nan."

Katikis ya ce taken da ke ƙarƙashin garkuwar Latin ne, ma'anarsa "Kusa da mutanena". Ka iya zaɓe. Latin ya dace da alkawari, tunda masu iya tuhumarka da shi duk sun mutu.

Mma ta sa na rataye kalandar a ɗakinta. Ta ƙura wa hular ido da ɗan ganin da ya rage mata, ta ce, "Duk waɗannan igiyoyi, awaki nawa yaron nan zai ɗaure?" Da wani malami ya yi maganar gicciye a gabas ɗinta, sai ta koma salla a zaure. Kalandar ba ta motsa ba.

Yanzu ba ta tashi. Likita ya daina canza magani. Kowace safiya sai an zuba rabonka a ƙwaryar nan, a rufe da faifai, ya wuni har ya yi tsami. Na kira ofishinka har wani fada na cocinku mai ladabi ya gane muryata. Kana taro, kana rangadi, kana addu'a. Ban ce ƙarya yake yi ba. Na dai daina leƙa titi in motar haya ta trotro ta tsaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta kama hannuna, ta shafa sanƙona, ta ce, "Ɗanlami, ka zo?" Ba hula, ba tuntu, ba Latin. Na ce, "Na zo, Mma." Ta sa na shanye kokon a gabanta. Ya yi tsami ƙwarai. Tun ranar ba ta sake tambayar inda kake ba, ni take tambaya, ta ce Awudu ya daina zuwa gaishe ta.

Saboda haka kada ka tayar da hankalinka, ɗan'uwana. Wani Musulmi da ba a naɗa ba yana riƙe maka wurin.

Allah ya sauƙaƙa mata, ya yafe mini amsar da na ba ta, ya ba ka ikon ɗaukar taken da ka zaɓa. In an kira ka daga Nima nan gaba, ka ɗauka da kanka.

Naka, wanda kuka sha nono ɗaya,
Awudu