Saƙon "An Buɗe Wuta" Da Ofishinku Ya Aiko Mini

Daga: Mai sayar da ƙanƙara, gida na uku bayan tiransifoma
Zuwa ga: Mai girma Manajan Rarraba Wutar Lantarki
Kwanan wata: 14 ga Mayu

Game da: Wani saƙon waya, da kuma ran mijina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ni ce matar Dogo, ma'aikacinku mai hawa turke shekara goma sha tara. Ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar 2 ga Fabrairu 'yan bindiga suka sake kayar da manyan turakun bayan gari, karo na uku. Firizata ta koma akwatin tufafi. Ban kawo muku ƙara ba.

2. Ranar 9 ga Mayu kuka tura Dogo gyara, daga shi sai tsani da filaya da abokan aiki biyu, ba mai rakiya. Da azahar saƙo ya shigo wayata daga ofishinku: "An buɗe wuta a layin su Dogo." Ranka ya daɗe, a irin wannan zamani wa zai karanta haka ya tuna da lantarki? Na yanke jiki na faɗi. Kafin la'asar an baza tabarmi a ƙofar gida, surukata ta suma sau biyu, maƙwabcin da suka shekara ba sa ga maciji da Dogo ya miƙe yana shaidar kyawun halin mamaci.

3. Da magariba mamacin ya dawo da tsaninsa a kafaɗa, ya tarar da zaman makokinsa, fanka tana ta fifita masu ta'aziyya da wutar da ya gyara. Rabinsu sun gudu ba takalma. Har yau yana fushi da amininsa da bai zo gaisuwa ba.

4. Unguwa tana ta dariya. Ni tawa ta tsaya, domin an sanar da shi ranar 20 ga Mayu zai koma dajin bayan gari, turke na gaba, da tsanin nan da filayar nan.

Saboda haka ina roƙon mai girma Manaja abu biyu. A umarci magatakardan da ke tura saƙonninku ya riƙa rubuta "lantarki ya dawo", haruffan ba su fi ƙarfinsa ba. Sannan kada a sake tura Dogo sai da jami'an tsaro. Idan babu su, a bar mu cikin duhu, kuma mai sayar da ƙanƙara ce ta faɗa. Na yi awa biyar ina matar mamaci bisa kuskure, na ɗanɗana, ba na son ranar da magatakardanku zai rubuta daidai.

Ina mai ƙanƙan da kai da matuƙar girmamawa,

Matar Dogo
(sa hannu)