Sunaye Bakwai a Bayan Katako

Zuwa ga Mai Girma Direktan gidan matasa na unguwarmu, Agadas.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku barka da aiki, da barka da haƙurin wannan fari. Ni ne Alhasan mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Kun san ni, don sau biyu na gyara taku. Sau huɗu na zo biro ɗinku ana ce mini kun fita, alhali ina hango hularku a kan tebur. Shi ya sa na rubuto a fili.

Tun da dabbobi suka mutu, makiyaya suka sauka bayan gari, 'ya'yansu ke taruwa a ƙofar shagona suna kallon hannuna. Ba karatun lakkol, ba kiwo. Na roƙe ku ɗaki, kuka ba ni Asabar da Lahadi bayan la'asar. Yara bakwai suka lizimci zuwa. Muka tsinto rele, wato 'yan makunnan lantarki, da ƙananan ampul na fitila daga matattun kamiyo na dakon kaya a tasha, muna gasa ƙarfen liƙi a garwashi, muka kafa su a kan katako, muka haɗa da batirin mota nawa. Bayan wata huɗu muka sami 'yar na'urar lissafi, kakar abin da 'yan lakkol ke kira ordinateur. Ka danna uku, ka danna biyar, ta yi ƙas-ƙas, fitilu su nuna takwas. Ba ta wuce goma sha biyar. Ranar da ta fara ba da amsa daidai, Tekna, yarinyar da ubanta ya rasa raƙumansa kaf, ta yi dariya. Ran nan na fara ganin haƙoranta.

Ranar Talatar bayan ƙaramar salla kuka buɗe ɗakin ba na nan, kuka kwashe katako da batir. Ga abin da ban gane ba, ko kuma na gane ƙwarai:

1. Kun ce ƙas-ƙas ɗin saƙo ne ake aikawa ƙetaren iyaka. Wayarta mafi tsawo ba ta kai kamu ɗaya ba. Ku da kanku kun taɓa danna ta, kuka haɗa biyu da biyu, har da tafi.

2. Kun ce akwai rubutun asiri a bayan katakon. Tifinar ne, rubutun Abzinawa. A garin nan maƙeri ba ya sakin aikin azurfa bai sa alamarsa a baya ba, kuma biyu cikin yaran 'ya'yan maƙera ne. Sunayensu ne su bakwai, aka zana da ƙusa. Shekara tara kuna Agadas. Ku juya azurfar wuyan uwargida, za ku ga irinsa. Ban yarda cewa ba ku sani ba.

3. Motarku da ta yi wata biyu kwance a gindin itacen bedi ta tashi ranar Laraba, washegarin kwashe kayan. Ban ce komai ba. Batirina dai yana da ɗigon dalma a kansa na hagu.

4. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kun kira wani tsoho ya karanta muku sunayen, kuka kwafe a takarda, kuka ce za ta je hannun kumandan. Zamanin soja muke, kuma iyayen yaran nan da kati suke karɓar hatsin taimako. Uban Tekna ya yi mako biyu bai shiga layin rabo ba, don tsoron a tambaye shi sunan 'yarsa. Abin da maƙwabta suka rage suke ci. Yaran kuwa in suka hango ni sai su sauya hanya. Zargina shi ne takardar ba ta je ko'ina ba, tana cikin teburinku, kun ajiye ta ne don in rufe baki a kan batir. Na kuwa rufe shi wata guda, kuma ina jin kunyar hakan.

Ga roƙona. Batir na bar muku, na yafe har ga Allah. Katako a mayar wa masu shi, ko ba abin kunna shi. Takarda kuwa, in tana wurinku, ku yaga ta a gaban iyayen kafin rabo mai zuwa, mutum ya je ya karɓi hatsinsa. In kuma da gaske ta tafi, ku bi ta da wata, ku rubuta cewa Alhasan ne ya ce su sa sunayensu, shi ya miƙa musu ƙusar. A goge bakwai, a sa ɗaya. Shagona ba ɓoyayye ba ne, ina buɗewa da hantsi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya kiyaye zuri'arku daga shiga takardar da ba su san kanta ba, ya saukar mana da ruwa.

Wassalam, daga mai jiran amsarku,
Alhasan mai gyaran rediyo.