Ɗacin da Harshena Ya Gane

Zuwa ga Uloma, sanyin idona, zumar da ke kwance a ƙasan kofina, inuwata ta tsakar rana, wadda jin sunanta kaɗai ke sa in ajiye fartanya in waiga kamar an kira ni! Salama a gare ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Gaisuwar da nake ɗauke da ita ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗora ta a kan takarda. Ni ne Azariyanki, manomin cittar Samaru Kataf, wanda kike cewa ba shi da sana'a sai shan shayin kyauta.

Kada ki fara dariya tukuna. Na san halinki, da kin ga takarda daga hannuna za ki ce manomi ya koma malamin makaranta. Yau ba da wasa na zo ba, Ulo. Tsoro nake ji. Tun ranar Asabar da na baro shagonki tsoro ya shiga cikina ya yi zaune, ko a gona sai in tsinci kaina tsaye a tsakiyar kunya ban san abin da ya kawo ni ba. Na so in faɗa miki da baki, amma da kin ɗago idanun nan naki sai maganar ta koma inda ta fito. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Kin tuna ranar da na fara kawo busasshiyar citta shagonki na bayan tashar jirgin Kafanchan? Kika ɓalli ɗan yanki kika tauna, kika ce cittar ta yi, amma mai noma ta bai san abin da yake nomawa ba. Gaskiya kika faɗa. A lokacin shayi a wurina ruwan zafi ne da madara da tulin sukari, a tsoma burodi a wuce gona. Kika zaunar da ni a kan benci, kika miƙo kofi, kika ce, “Oya, rufe ido. Sha ka gaya mini abin da yana ciki.” Na rufe, na kurɓa. Wayyo ni! Cittar da na yi shekaru ina haƙa daga ƙasa, ranar na fara sanin ta. Ta fara da ɗan yaji a bakin harshe, ta gangara maƙogwaro da ɗumi, sai ga ƙamshin ciyawar nan mai warin lemo ya biyo ta a hankali, zuma kuma ta zo daga ƙarshe ta lallashe su duka. Na buɗe ido na gan ki tsaye, hannu a ƙugu, kina jiran amsa. Kofi na biyu kawai na roƙa.

Daga nan na zama ɗan makarantarki. Zoɓo da ɓawon abarba da kanumfari, wanda tsaminsa ke kama muƙamuƙi ya sa mutum ya runtse ido ɗaya kafin zaƙi ya zo ya ba da haƙuri. Na'a-na'a, da ke barin baki da sanyi kamar an tsaya kusa da ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse, inda muka je bayan Ista kika zuba mini shi a murfin filas, feshin ruwa na jiƙa miki gashi kina cewa laifina ne. Kirfa da nake cewa ƙamshinta na tsohon akwatin kaya ne, ki ce hancina na ƙauye ne. Shi kuwa shayin zogale, har gobe ina nan a kan bakana, ruwan wankin ciyawa ne, ko za ki sake jifa ta da tsumma. Sannu a hankali harshena ya waye, har kika kafa doka cewa ba wani sabon haɗi da zai shiga leda a kai kasuwar Manchok ko Zangon Kataf sai na rufe ido na ɗanɗana. Wane namiji aka taɓa naɗa wa sarauta irin wannan? Ke kika koya wa harshen nan karatu, masoyiyata, ga shi yanzu ya karanto abin da ba ki so ya gani ba.

Ranar Asabar kin fita raka wata mai saye. Jan filas ɗin da muka saba sha babu komai a ciki. Sai na hango wani kore a ƙarƙashin tebur, bayan kwalaye. Har na yi murmushi, na ce lallai wannan ne haɗin da kike ɓoyewa don baƙin aurenmu, bari in riga kowa. Na zuba a kofi, na rufe ido yadda kika koya mini, na kurɓa.

Ulo, wannan ba shayi ba ne. Ɗacin sassaƙen maɗaci ne ya fara dukan harshena, irin wanda ke manne wa dasashi ya ƙi tafiya. Bayansa ga ganyen gwandar daji, ga tafarnuwa, ga ɗan warin hayaƙi na ganyen da aka shanya a saman murhu, can ƙasa kuma ga ɗanɗanon tukunyar ƙasa. Ban lissafa su don in burge ki ba. Na san wannan ruwan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Shi ne abin da Mama ta sha har ta bar duniya.

Kin san Mama ta rasu kafin mu haɗu, kin san ciwon daji ne a nono, amma ban taɓa ba ki labarin yadda abin ya tafi ba. Ɗan kullutu ne ta fara ji, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Wata mai magani a kasuwa ta haɗa mata ganyayen nan, ta kuma ba ta doka guda: daji ba ya son ƙarfe. Kada allura ta taɓa ta, kada wuƙar likita ta kusance ta, ko maganin ma a tukunyar ƙasa za a dafa, a juya da cokalin katako. Ni nake dafa mata, ni nake fara kurɓa in ji ko ya huce. Ina tuna safiyar da ta miƙo mini cokalin shayinta na ƙarfe ta ce, “Yarona, ka ɓoye wannan, sai na warke zan karɓa.” Ta sha, ta sha, kullutun yana girma, tana cewa ciwon ne yake taruwa wuri ɗaya don ya fita. Ranar da muka ɗauke ta zuwa Jos, likitan ya duba ta, ya juyo ya tambaye mu a hankali me ya tsayar da mu. Damina ba ta ƙare ba muka binne ta.

To ki gaya mini, ya hasken gidana da ban gama ginawa ba, yaya zan yi da na buɗe ido na ga cokalin katako kwance kusa da koren filas ɗinki? Yaya zan yi da na tuna sabuwar tukunyar ƙasar da na gani a bayan shago, ke da kike da tukwanen ƙarfe har na ba da aro? Sai komai ya dawo mini lokaci guda. Yadda kika daina ɗaukar kwali da hannun hagu. Yadda kike sa jakarki tsakanin ƙirjinki da bayana idan na ɗauko ki a babur, ke da kike riƙe ni kamar za a ƙwace miki ni, kuma in mun faɗa rami sai in ji kin ja numfashi ta haƙori. Da kika dawo kika ga kofin a hannuna, fuskarki ta canza, kika fizge shi kika ce, “Abeg ka bar shi, na ciwon ciki ne kawai.” Kika yi dariya. Na san dariyarki iri-iri, Ulo, wannan ba ta cikinsu.

Ina ma a ce kuskure na yi! Ina ma a ce ciwon cikin ne da gaske, ki tara ƙawayenki ki ba su labarin manomin da ya sha maganin ciki ya zauna yana rubuta wasiƙar kuka. Ki yi mini tsiya har mu tsufa, zan ɗauka da godiya. Amma in ba kuskure na yi ba fa? Wannan tambayar ce ke bin ni gona, ta bi ni majami'a. Ranar Lahadi ana cikin sujada na ɗaga murya zan yi waƙa, sai na ji ɗacin nan ya taso mini a maƙogwaro, na zauna na rufe fuska.

Kada ki ce na raina ganye. Ni da ke da ganye muke ci, da saiwa muke rufa wa kanmu asiri. Cittata tana kore mura, na'a-na'arki tana kwantar da ciki, na yarda. Amma na ga iyakar koren filas da idona, na kuma haƙa kabarin da ya kai mu. Bayan sujada na tsayar da Anti Caroline, nas ɗin nan ta majami'armu, na tambaye ta ba tare da na kama sunan kowa ba. Ta ce ba kowane kullutu ne daji ba, da yawa ba komai ba ne, kuma ko shi ɗin ne, wanda aka tara da wuri ana samun kansa. Na tambaye ta zancen ƙarfe. Ta dube ni ta ce, “Azariya, allura ba ya kashe su, jira ne yana kashe su. Ko wace ce, ka kawo ta.” Ta gane.

Na zauna na yi ta tunanin abin da zai sa mace mai wayo irinki ta ɓoye filas a bayan kwalaye, kuma ina jin na gano. Aurenmu ne. An sa rana bayan haƙar citta, mamanki ta riga ta sanar da duk matan kwatas ɗin reluwe, an fitar da anko. Kina tsoron kada likita ya ce sai an yanka, ki zo mini da tabo, ko ki zo mini da rabi. Kina tsoron kada kawunnaina su ja ni gefe su ce in sake tunani. Haba, Ulo! Haba, ƙanshin safiyata! Da na kwashi dangina muka je gaban babanki, wani sashe na jikinki muka je nema? Ke na roƙa, ke mai tsayawa hannu a ƙugu, ke mai jifa da tsumma. In an yanka, tabon nawa ne, zan wanke shi in shafa masa magani. In gashin nan da ruwan Matsirga ya jiƙa ya zube, ni zan zaɓo miki ɗankwali. In kawunnaina sun buɗe baki, zan nuna musu kabarin 'yar'uwarsu in tambaye su ko suna son wani kusa da shi. Ranar aure ba za ta matsa ba sai in ke kika ce, ko a majami'a ko a gefen gadon asibiti, fasto yana da ƙafa.

Abin da ba zan iya ba shi ne in sake tsayawa ina kallon macen da nake ƙauna tana kurɓar ruwan nan tana ce mini da sauƙi. Na yi sau ɗaya, ba ni da ƙarfin na biyu. Ki ji tausayina. Idan kin tafi, wa zai ce mini in rufe ido? Wa zan kai wa cittar fari in ta bushe? Me zan yi da harshen da kika wayar, in babu abin da ya rage masa sai ɗaci?

Ga ƙunshi nan tare da wasiƙar. Akwai citta daga gonar bakin rafi, wadda kike cewa ta fi yaji. A cikinta kuma na naɗe cokalin Mama, wanda ta ce in ɓoye sai ta warke. Ba ta dawo ta karɓa ba, yana cikin akwatina tun lokacin. Ranar Litinin mai zuwa da safe zan zo da babur, Anti Caroline za ta jira mu a babban asibiti. Ba sai kin yi mini bayani ba, na san maganar tana da nauyi. Ki dafa mana shayin citta irin na ranar farko, ki juya shi da cokalin nan. Zan tsaya a bakin ƙofa in rufe ido in saurara. In na ji ƙarar ƙarfe a jikin kofi, na san za mu tafi. In ban ji ba, ba zan yi fushi ba, zan zauna a kan bencin nan, in dawo Talata, in dawo Laraba, har sai kin gaji da ganina.

Ubangiji ya riƙe mini ke, ya ba ki ƙarfin zuciya, ni ma ya ba ni.

Naki ne ni da lafiya da rashinta, da zaƙi da ɗaci, a wannan kakar da duk waɗanda Allah zai ƙara mana, ba kuma inda za ni,

Azariya