Gambar da Ke Iyakar Gonar Muttaka

Faransa,
14 ga Muharram, 1415

Zuwa ga ɗana Abdussalam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da mahaifiyarka, da ɗaliban zaure. Ya ruwa a Aliero? An samu shuka?

Aikin idona ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ƙanenka Imrana ya sa mu cikin motar masu yawon buɗe ido, kwana huɗu muna ratsa duwatsu da ƙauyuka. Jiya muka tsaya inda ake noman albasa a jikin dutse, hawa-hawa, kowace gona da katangarta. Ja-goranmu ya ce katangun sun haura shekara ɗari biyu, babu wanda ya taɓa gusa su.

Can na hangi wani tsoho duƙe yana cirar ciyawa, hannu guda a ƙugu, daidai yadda baffanka Muttaka yake yi, Allah shi jiƙan shi. Na san mamaci ba ya dawowa, ni na sallace shi. Lafiyata lau, sai dai abinci ya ƙi shiga tun daga nan.

Ka sani, shekarar da Muttaka ya kwanta jinya, na tumɓuke gambar iyakarmu, na dasa ta kunya uku cikin gonarsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina karantar da hukuncin mai cin iyaka, ina tsallake kaina.

Kada ka jira dawowata. Ka kira Fadila ɗiyar Muttaka da ƙannenta, da mai unguwa, ka maida gambar wurinta a gabansu, tun ƙasa na da laima. Ka roƙa mani gafararsu. Idan sun tambaya, kada ka ce kuskure ne.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Ɗanbaba