Ranar da Na Ɗora Aska a Wuyan Baffa Buba

Baba,

Gaisuwa da ban girma. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na buɗe shagon aski na rufe, na sake buɗewa. Bari in rubuta, ko zuciyata ta lafa.

Gida lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa zumuntar mata a coci da kanta. Ƙanwata Rahila ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Gonar bakin gulbi kam mun bar ta, ba mai iya zuwa can yanzu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da aka ɗauko gawarka daga hanyar Bukkuyum, damina uku ke nan, don kada Inna ta yi kuka kawai nake zuwa sujada. In aka zo wurin yafewa a addu'ar Ubangiji, sai in kama bakina har jama'a su wuce. Waɗanda suka tsira sun ce da Fulatanci maharan suke magana. Daga ranar Bafulatani bai ƙara hawa kujerar shagona ba. In ya leƙo, sai in ce babu wuta.

Bara mutanen Zugu da Gwashi da hare-hare suka koro suka cika garinmu Gummi. Masu dangi sun raɓa da dangi, sauran suna kwana a wani kango bayan tasha. Su Inna ke kai musu kunu ranar Asabar. Ita ta matsa mini in ɗauki aska in bi ta, wai mazan sun yi buzu-buzu kamar ba 'ya'yan mutane ba. Ina gunaguni na tafi.

Ka san aski, Baba. Wanda ya miƙa maka kansa, bakinsa ma buɗewa yake. Wani magidanci da aka ƙone wa rumbuna ya kalli madubi bayan na gama, sai hawaye. Dukkansu Musulmi ne, ba wanda ya tambaye ni addinina. Na fara ɗokin Asabar fiye da Lahadi, abin har ya ba ni tsoro.

Akwai wani tsohon Bafulatani, Baffa Buba, da ke zama can ƙarshen katanga shi kaɗai. Ba mai sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi. Sati uku ina yi kamar ban gan shi ba. A na huɗu ya jira kowa ya tashi, ya cire malfarsa, ya zauna kan dutsen da nake aski. Inna tana tsaye da ludayi tana kallona.

Na yi masa kai, na zo gemu. Baba, da aska ta sauka a maƙogwaronsa, wani tunani ya zo mini wanda ba zan iya rubutawa ba. Ni, ɗanka? Shi kuwa ya lumshe ido, ya sakar mini wuyansa. Da Hausarsa mai gargada ya gaya mini mutanen dajin sun kore shanunsa, sun kashe 'ya'yansa biyu don sun ƙi bin su. Daji ya koro shi, gari kuma yana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Da na gama ya shafa haɓarsa, ya yi addu'a Allah ya jiƙan mahaifina. Bai san kome game da kai ba.

Washegari a coci na faɗi wurin yafewar nan. Da ƙyar ya fito, kamar ana zare mini ƙaya, amma ya fito. Abin da kake nufi ke nan da kake cewa Yesu ya fi son tsayawa a bakin ƙofa bisa zama a kujerar gaba? Me ya sa sai a kango na gane?

Ga abin da ya hana ni sukuni. Damina ta kankama, kangon ba rufi, Baffa yana tari har da jini. Ina so in sa shi a ɗakinka na zaure. Inna ta yarda. Yaya Dauda ya rantse in na yi haka ba zai ƙara taka gidan ba, maƙwabta kuma sun ce 'yan sa-kai za su zo da tambayoyi. Ban san wanda ya harbe ka ba. In jininsa ɗaya da Baffa fa? Cin amanarka nake shirin yi, ko bin sawunka? Na roƙi Ubangiji ya ba ni tabbaci, bai ba ni ba. Tarin tsohon kawai nake ji a kunnena.

Ɗazu na share ɗakin, na kai takalmanka wurin Inna, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Gobe in an tashi daga sujada zan ɗauko shi a babur. In na yi kuskure, ka yi mini faɗa ranar da muka haɗu.

Ka huta lafiya, Baba.

Ɗanka,
Iliya